Bulalar Bariki: Gardamar da Ta Girmi Kakanninmu

Daren wata Asabar, bayan an idar da sallar isha'i, gardama ta kaure a teburin mai shayin bakin masallaci. Wani matashi ne ya miƙo waya ana kallon bidiyo: soja ya tare ɗan acaba a gefen titi, ya sa shi tsallen kwaɗo, yana bin sa da dorina. Cikin masu kallon akwai dattijon nan da muke kira Baba Saje, don ya yi shekarunsa a kaki kafin ya ajiye. Ya kalla har ƙarshe, ya kurɓi shayinsa, ya ce shi bai ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Abin da aka yi musu suna kurata ya ninka wannan sau goma, kuma shi ne ya mai da su mutane. Sannan ya rufe da maganar nan da kowannenmu ya sha ji, wataƙila ma ya sha faɗa: "Ai mutanenmu ba sa ji sai da bulala."

Ban tanka masa ba, don ya haife ni, kuma shi ya sa kaki, ni ban sa ba. Amma maganar ta bi ni har gida. Mu da ke wannan yanki ba baƙin soja ba ne. Duk mai fita aiki cikin gari daga Nyanya ko Karu sai ya wuce ta gaban Barikin Mogadishu, wanda har yau bakinmu ya fi sabawa da kiransa Barikin Abacha. 'Yan uwanmu na sayar da nama da kayan gwari a kasuwannin bariki, yaranmu kuma duk shekara suna neman shiga soja. Don haka tambayar ko duka ne ke gyara soja ba ta masu kaki kaɗai ba ce. Da na bi diddigin maganar Baba Saje sai na tarar ba mu muka ƙirƙiro ta ba. An faɗe ta a kan wasu mutane kafin mu, da irin wannan tabbaci, kuma jikokin masu faɗar ba sa faɗa yanzu.

Bari mu fara daga gidan waɗanda suka kafa mana sojan. A farkon ƙarni na 19, sojan Ingila da ya yi laifi akan tuɓe masa riga, a ɗaure shi, a tara dukan bataliya ta tsaya tana kallo, a zane shi da wata bulala mai harsuna tara. Hukuncin yakan kai ɗari biyar, wani lokaci har dubu. Likita na tsaye a gefe, aikinsa ya ce a dakata in ya ga rai zai fita. Manyan hafsoshi, har da Wellington wanda ya ci Napoleon da yaƙi a 1815, sun tsaya kai da fata cewa ba a riƙe runduna sai da wannan. Hujjarsu ita ce daga tarkacen gari ake kwaso sojan Ingila, mashayi ne, ba ya jin magana sai ta jiki. Ka ji fa. Bature ne ke faɗar haka a kan Bature ɗan uwansa. Alhali sojojin Faransa da suke ta gwabzawa da su a lokacin ba a yi musu bulala, tun bayan juyin juya halin 1789 aka daina, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba su iya yaƙi ba.

A 1846, a barikin Hounslow kusa da Landan, wani farabiti mai suna Frederick White ya bugi sajensa da ƙarfe, aka yanke masa bulala 150. Bai cika wata guda ba ya mutu. Likitocin soja suka ce wani ciwo ne daban ya kashe shi. Jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa, Thomas Wakley, ya ƙi yarda, masu taya shi yanke hukunci kuma suka ce bulalar ce. Jaridu suka yi ca, dole aka rage adadin zuwa 50. A 1868 aka hana ta a lokacin zaman lafiya, a 1881 aka cire ta daga hukuncin sojan Ingila. Rundunar ba ta watse ba. Ita ce ma ta ci gaba da cinye rabin duniya, har da ƙasarmu.

Akwai wani abin mamaki da ya faru a Indiya wanda ya kamata a ajiye a rai. A 1835 gwamnan Ingila a can, William Bentinck, ya hana yi wa sojojin Indiyawa bulala, bisa ganin cewa 'ya'yan gidan mutunci ne, korarsu daga aiki kaɗai ta ishe su horo. Shekara goma aka yi ana zane Bature a bariki, Ba'indiye na tsaye ba a isa a taɓa shi ba, sai a 1845 aka dawo da ita. Ashe ba launin fata ne ke sa mutum ya "ji da bulala" ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne ko mai riƙe da oda yana kallon na ƙasa da shi a matsayin mai mutunci.

Daga Ikko zuwa Lakwaja

Rundunar sojan Najeriya tana lissafin haihuwarta daga 1863, shekarar da wani hafsan jiragen ruwan Ingila, John Glover, ya tara mutum 18 a Ikko ya ba su bindiga. Ana kiransu Hausawan Glover. Akasarinsu bayi ne 'yan Arewa da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu. Daga su aka sami rundunar 'yan sandan Hausa mai ɗauke da makami, wadda aka kai har yaƙin Ashanti a ƙasar da yau ake kira Gana. Sunan Bahaushe ya yi tashe a harkar soja har Jamusawa a Togo da Kamaru, da mutanen Sarki Leopold a Kwango, suna neman "Hausa" su ɗauka. Na sa kalmar cikin baka biyu ne don da yawansu ba Hausawa ba ne a asali. Akwai Barebari, Zabarmawa, Dakarkari, daga baya Tibi da Angas da Bachama. Harshen ne ya haɗa su, don da Hausa ake ba da oda, da ita ake zama a bariki.

A 1897 aka ɗora wa Lugard, wanda kakanninmu ke kira Lugga, kafa babbar rundunar Afirka ta Yamma, aka girke ta a Lakwaja da Jebba. Da ita aka ci Kano a watan Fabrairun 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris, aka yi Burmi a watan Yuli, aka rushe Satiru a 1906. A lura da lissafin shekarun. Ranar da aka kafa wannan runduna, bulala ta shekara 16 da barin sojan Ingila. Hafsan da bai isa ya sa a zane farabiti Bature a gida ba, da ya sauka Lakwaja sai doka ta miƙa masa dorina ta fatar dabba. Mun ari kalmominsu mun mai da su namu, kurtu da kofur da saje da samanja da fareti da gadurum. Su kuma kalmar da suka ara daga bakinmu har ta shiga rubuce-rubucensu ita ce bulala.

Tun daga lokacin gardama ta tashi tsakanin Turawan kansu, kuma ta ɗauki kusan shekara hamsin. Ma'aikatar da ke kula da ƙasashen mallaka a Landan tana jin kunyar abin, musamman in wani ɗan majalisa ya tashi ya yi tambaya. Sai ta yi ta matsa lamba a rage adadi, a riƙa rubuta kowane hukunci a littafi, a taƙaita shi ga manyan laifuka ko ga fagen daga. Hafsoshin da ke nan kuwa kullum suna rubuta takarda cewa mutanen Landan ba su san Afirka ba. In aka ja igiyar ta wannan gefe, yaƙi na tashi sai su ja ta ɗaya gefen.

Hujjojinsu sun cancanci a saurare su, don su ne dai muke maimaitawa a teburin shayi. Sukan ce a cikin daji ba kurkuku, in ka tsare soja ɗaya sai ka ware biyu su yi gadinsa, ka yi asarar bindiga uku, bulala kuwa minti biyar an gama kowa ya koma layi. Wannan magana ce ta mai neman sauƙin aiki, kuma a fagen daga tana da ɗan nauyi. Amma wadda suka fi so ita ce cewa sojojin da kansu sun fi son bulala a kan tara ko ɗauri. Ina jin akwai gaskiya a ciki, sai dai ba irin gaskiyar da suke nufi ba. Mutum yana da mata da 'ya'ya a layin bariki, albashinsa bai taka kara ya karya ba, ka ce masa ya zaɓa tsakanin a yanke kuɗin tuwon gidansa ko a farfasa masa baya. To wa zai zaɓi yunwar 'ya'yansa? Wannan zaɓi shaida ne a kan ƙanƙantar albashi. Bai nuna cewa bayan mutum na ƙaiƙayin dorina ba.

Sai kuma hujjar cewa bulala al'adarmu ce, sun same mu da ita. E, sun sami bulala a kotun alƙali. Amma wanda ya san bulalar alƙali ya san tana da ƙa'ida. Sai an yi shari'a, an kawo shaida ko mutum ya amsa laifinsa. Mai dukan ba ya ɗaga hannu sama, har akan sa masa wuri ko wani abu a hammata don kada ya saki damtse, in abin ya faɗi ya wuce iyaka. Manufarta kunyatarwa ce, ba raunatawa ba. Dukan da ba shi da wannan ƙa'ida, wanda babba ke yi wa baligi don ya ga dama, a ƙasar Hausa an fi saninsa tsakanin ubangiji da bawa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ga yadda gidajen mutunci a Kano da Katsina da Sakkwato suka daɗe suna ƙyamar ɗansu ya shiga soja, da yadda kalmar "ɗan bariki" ta zama abin da ta zama a bakinmu. Runduna ta fara da bayi da suka gudu daga bulala, suka sa kaki, suka sake tarar da ita tana jiransu.

Ba kuma a bayan soja kaɗai ta tsaya ba. 'Yan dakon da ke ɗaukar kayan yaƙi a ka, waɗanda sau da yawa sun fi masu bindiga yawa, sun fi kowa shan ta, kuma ba mai rubuta tasu a littafi. Farar hula ma ba su tsira ba. A 1912 a Zariya an yi wa wasu akawuna biyu bulala a bainar jama'a kan ba su faɗi sun gai da wani Baturen mulki ba. Da yake masu ilimin boko ne, jaridun Ikko suka ɗauki maganar har ta kai majalisar dokokin Ingila. Talakan da ba ya rubuta wasiƙa kuwa, tasa ta ƙare a inda aka yi ta.

Wanda ke cewa bulala na hana bore, ya dubi abin da ya faru a maƙwabta. Kamaru a hannun Jamusawa har laƙabi ta samu, ƙasar ashirin da biyar, saboda adadin bulalar da aka saba yankewa. A watan Disambar 1893 a Duwala, muƙaddashin gwamna mai suna Leist ya sa aka zane matan sojojinsa a gaban mazajensu. Sojojin nan bayi ne da aka sayo daga Dahomey, ana aiki da su ba albashin kirki, suna ta haƙuri. Ranar da aka taɓa matansu haƙurin ya ƙare. Suka fasa rumbun makamai, suka kori Jamusawa daga gidan gwamnati, sai da aka kawo sojan ruwa aka murƙushe su. Leist kansa an kira shi gida an kore shi daga aiki. Rashin biya ne ya tara itacen, dorina ta kyasta ashana.

Akwai mutum ɗaya da nake so a ce an zauna da shi an tambaye shi ra'ayinsa kan wannan gardama, wato Chari Maigumeri, wanda barikin Lakwaja ke ɗauke da sunansa. Ya fara aikin soja a hannun Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Ingila, ya kai babban samanja, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, bai ajiye kaki ba sai 1953. Ya ga horon Jamus, ya ga na Ingila, ya kuma ga shekarun da aka soke bulala. Irinsu ne ke tsaye tsakanin Bature da kurtu, kuma ta hannun irinsu oda ke sauka. Amma muhawarar duka a kan tebur ɗin Turawa aka yi ta. Masu bayan ba a gayyace su ba.

Yadda aka soke ta

Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, shi ya canza lissafi. Najeriya ta ba da sojoji sama da dubu ɗari. A watan Fabrairun 1941 birged ɗin Najeriya ya shiga Mogadishu, ya kora Italiyawa har cikin Habasha. Daga baya runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka tafi ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar, suka yi yaƙi da Japanawa a dazukan Kaladan da Arakan. Sunayen barikoki irin su Arakan da Myohaung a Legas da Kalapanzin a Kaduna daga can suka samo asali.

Wannan yaƙi ba na masu bindiga kaɗai ba ne. Ana bukatar direbobi, makanikai, akawuna, masu aikin waya da na asibiti, don haka aka ɗebi dubban 'yan makaranta. Su kuwa suna karatu, suna rubutu. Wasiƙun koke kan wariya da wulaƙanci suka riƙa isa jaridu irin su West African Pilot, wadda Nnamdi Azikiwe ya kafa a 1937. A Indiya da Bama sojanmu ya zauna kusa da sojan Ingila, ya ga laifi ɗaya hukunci biyu. Ga kuma abin kunya ga Landan: kana shelar cewa kana yaƙar Hitila saboda aƙidar fifita jinsi, alhali a rundunarka baƙar fata kaɗai ake kwantarwa a zane. A 1946 aka kawo ƙarshen bulala a matsayin hukuncin doka a rundunonin Ingila na Afirka, shekara 65 bayan an ɗauke ta daga bayan sojan Ingila. A nan ma runduna ba ta watse ba. Sojojin da aka horar bayan haka su ne suka je Kwango a 1960 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Sai dai fita daga littafi daban, fita daga hannu daban. Saje da ya sha dorina yana kurtu, shi ke horar da kurata bayan 1946, su kuma suka horar da na bayansu. Abin da doka ta daina rubutawa sai ya koma al'ada, mai sunaye iri-iri: gwale-gwale, tsallen kwaɗo, birgima a taɓo, mari a bayan gadurum. Wani ɓangaren ma ya fi na da muni, don bulalar Bature aƙalla tana da adadi da littafi, wannan kuwa iyakarta zuciyar mai yi.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga wajen mutum dubu goma zuwa kusan dubu 250. Horon makonni kaɗan ake ba mutum a tura shi daga. Da aka gama yaƙi barikoki ba su isa ba, sojoji suka watsu cikin unguwanni suna haya tare da farar hula. Ga shi kuma mulki na hannunsu. A nan ne, a ganina, dorina ta juya fuska: ta bar kallon cikin bariki ta fara kallon titi. A shekarun 1970 an sa sojoji da bulala suna gyara cunkoson motoci a Legas, an kuma tura su makarantun sakandare su koya wa ɗalibai ɗa'a. A watan Maris na 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a. Mutane suka koyi bin layi a tasha da banki, aka share gari, ma'aikacin da ya makara ya yi tsallen kwaɗo a gaban ofishinsa. Na san da yawa cikinmu suna tuna lokacin da kewa, kuma ba zan ce layin bai miƙe ba. Ya miƙe. Tambayata ita ce, kwana nawa ya yi a miƙe bayan mai dorinar ya tafi a watan Agustan 1985?

Abin da aka yi a bayan katangar da muke wucewa

Abuja gari ne da soja ya haifa. Murtala ya yanke shawarar kafa ta a 1976, Babangida ya dawo da gwamnati a watan Disambar 1991, barikoki suka kewaye fadar shugaban ƙasa. Mun saba da kaki kamar yadda muka saba da cunkoson safe. Waɗanda suke nan a 2014 ba za su manta da bama-baman Nyanya na 14 ga Afrilu da 1 ga Mayu ba, da shingen binciken da aka kafa a Kugbo bayan haka, inda mutum kan fito da asuba ya isa aiki rana ta take. A cikin wannan shekarar, muna cikin motoci muna gumi, a bayan katangar Barikin Mogadishu ana wata shari'a da ta sake tayar da tsohuwar gardamar, wannan karon ba kan bulala ba, kan rai.

Ranar 14 ga Mayun 2014, a Barikin Maimalari da ke Maiduguri, an kawo gawawwakin sojojin da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna a hanyarsu ta dawowa daga yankin Chibok. 'Yan uwansu suka harzuƙa, wasu suka buɗe wuta a kan motar kwamandan runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed. Allah ya yi da sauran kwanansa. Aka kawo mutum 18 Abuja gaban kotun soja. A tsakiyar Satumba aka yanke wa 12 hukuncin kisa ta hanyar harbi, aka sallami biyar, ɗaya ya sami ɗaurin kwana 28. Ranar 17 ga Disamba wata kotun sojan, a wannan bariki dai, ta yanke wa wasu 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita aikin ƙwato wasu garuruwa a yankin Damboa. Lauyansu, Femi Falana, ya ce ba yaƙin suka ƙi ba, makaman da za su yi shi da su suka nema.

Ƙasa ta rabu biyu, unguwar nan ma haka. Wasu suka ce sojan da ya ɗaga bindiga a kan kwamandansa ya gama magana, in aka ƙyale shi gobe ba runduna. Maganarsu ba ta banza ba ce. Mutum dubu masu bindiga da ba sa jin oda, mu farar hula ne za mu fara ɗanɗana kuɗarmu. Wasu kuma suka ce, wanda ya tura yaro gaban maƙiyi da harsashi ƙidayayye, shi wace kotu za ta zauna a kansa? A watan Yulin 2015, babban hafsan tsaron ƙasa mai barin gado, Alex Badeh, ya faɗa da bakinsa a bikin sallamarsa cewa rundunar da ya jagoranta ba ta da isassun kayan yaƙi. A wannan shekarar aka buɗe binciken kuɗin sayen makamai, aka mai da sojoji sama da dubu uku da aka kora bakin aikinsu, a watan Disamba kuma aka sassauta hukuncin kisan mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Kafin su ma an yi na Akure, inda sojoji 27 da suka dawo daga aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya suka tare hanya a 2008 kan alawus ɗinsu da bai zo hannu ba, aka yanke musu ɗaurin rai da rai, daga baya aka sassauta. Daga Duwala zuwa Akure zuwa Maimalari, ban ga boren da rashin duka ya haddasa ba. Kowanne ka tona sai ka iske albashi, ko makami, ko wulaƙanci a ƙarƙashinsa.

A takarda dai yau magana ta ƙare. Cikin hukunce-hukuncen da dokar sojojin Najeriya ta tanada akwai ɗauri, rage girma, yanke albashi, kora, har kisa a kan manyan laifuka irin su bore, amma babu bulala. Dokar ma ta mai da cin zalin na ƙasa da kai laifi. Sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, a 2017 kuma aka sa hannu a dokar hana azabtarwa. Rundunar sojan ƙasa ta buɗe sashen karɓar koke kan haƙƙin ɗan Adam a hedkwatarta da ke nan Abuja a 2016. Kuma wayar hannu ta fara yin aikin da wasiƙun akawuna suka yi a zamanin Bama: a watan Fabrairun 2017 bidiyo ya nuna 'yan sandan soja biyu suna dukan wani gurgu a Onitsha don ya sa tufafi mai kama da kaki, cikin 'yan kwanaki aka sauke su daga kofur zuwa farabiti, aka ɗaure su kwana 21. Wani abin lura a gefe: dokar final kod da ake aiki da ita a Abuja har yanzu ta ba alƙali damar yanke wa namiji bulala, kuma kotunan yanki kan yanke. Wato alƙali na iya sa a zane ɓarawon waya bayan shari'a, amma janar ba shi da ikon sa a zane farabiti, balle farabiti ya zane ɗan acaba.

Na koma wurin Baba Saje da waɗannan bayanai, na zauna ƙasa na karanta masa. Ya ce in bambanta wahala da duka. Gudu da kaya a baya, kwana a ruwa, rarrafe cikin ƙaya, tashi ƙarfe huɗu, in ba a yi wa kurtu waɗannan ba an cuce shi, don maƙiyi ba zai tausaya masa ba. Na ce, Baba, a nan ba mu da saɓani. Dafo ɗin Zariya tun 1924 yake mai da farar hula soja, ba wanda ya ce a mai da shi wurin hutu. Abin da nake tambaya shi ne marin da kofur ke yi don an ɓata masa rai a gida, wane maƙiyi yake shirya yaro ya tara?

Ya yi shiru, ya juya kofin shayinsa. Bai ce ya yarda ba. Ya ce shi tabon dorina ya daɗe da mantawa, abin da bai manta ba shi ne shekarun nan na farkon mulkin farar hula da tsofaffin sojoji suka riƙa kwana a gefen titunan Abuja kan kwali suna jiran fansho, shi ma ya yi nasa kwanakin a cikinsu. Sannan ya ce in gyara wuri ɗaya, in rubuta cewa ba kowane saje ne mugu ba, nasu sajen da ya fi kowa hannu shi ne ya ɗauko shi a kafaɗa ranar da harsashi ya same shi. Ga shi na rubuta.

Ɗansa na uku ya cike takardar shiga soja, yana jiran a kira su tantancewa. Baba Saje ya ce ya riga ya saya masa man zafi.